Yanka na Bakwai

Talasseri, 3 ga Yuni

Zuwa ga jikata Rishana, uwar marubuta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya birnin Kochi, ya aiki? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa.

Bayan gaisuwa, labarinki da ya fito a mujallar mako ya iso. Uwarki Sarina ta ɓoye mujallar a bayan buhun shinkafa, ta manta ni ke awo. Na karanta da ɗan karatuna na aji huɗu, yatsa a kan layi, kwana biyu cur. Wai wata tsohuwa ta shekara hamsin tana soya kifi, miji ya ci tsakiya, ita wutsiya. Kin canza mata suna, amma kin bar mata tabon goshina da bishiyar mangwaron ƙofar gidanmu. Wannan ne ɓoyon, ja'ira?

Matan unguwa sun karanta shi da ƙarfi a taron Alhamis, a barandar maƙwabciyarmu Janaki. Janaki ta yi kuka har da majina, da yamma ta kawo mini soyayyen kifi a ganyen ayaba. Na karɓa. Ni ba na mayar da kifi.

Kakanki Abutti ne abin tausayi. Shekara hamsin da ɗaya da tarewarsa gidan uwata, kamar yadda maza ke yi a al'adarmu, har yau ango muke ce masa, ango kuwa ba a ba shi wutsiya. To yanzu a shagon shayi sunansa Angon Tsakiya. Kwana huɗu bai leƙa can ba. Kawunki Hashim kuma sai kumfar baki yake, wai kin tsiraita gidan.

Ki riƙa cin abinci. Hotonki na mujallar kamar sandar rake.

Kakarki, Nabisumma

Talasseri, 14 ga Yuni

Rishana 'yar albarka,

Ina gaishe ki, Allah ya sa murar ta sake ki. Takardarki ta zo, ban kuma ji daɗinta ba. Wai za ki cire labarin daga littafin da za a buga miki, ki rubuta wa Hashim ban haƙuri, kuma ba za ki zo Sallah ba. Kada ki kuskura! Hashim da bai taɓa karanta komai ba sai takardar magani, shi zai faɗa miki abin da za ki rubuta?

Amma akwai gyara, ki matso da kunne. Ku masu rubutun 'yancin mata kun fi son mu da hawaye. Ni ba wutsiya kaɗai na ci ba. Babban kifin da kakanki ke kawowa ran Juma'a yanka bakwai yake bayarwa, ni kuwa shida nake kai wa tebur. Na bakwai, mai maiƙon nan na tsakiyar tsakiya, a bayan ƙofar kicin nake gamawa da shi, da zafinsa, in goge baki da mayafi, in fito da wutsiyata kamar mutuniyar kirki. Uwata ce ta koya mini, ita ma tata uwar. Kin zauna a kicin ɗin nan shekara ashirin ba ki gani ba, wai ke marubuciya.

Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Zan faɗa wa angon da kaina, ko ya daina zaman makoki.

Taki har kullum, Nabisumma

Talasseri, 22 ga Yuni

Rishanata,

Sallama da fatan alheri. Ki zauna kafin ki karanta.

Ran Juma'a na faɗa masa. Ina jiran ya zabura, sai tsohon nan ya ci gaba da sakace. Wai ya shekara talatin yana sayar da kifi a bakin teku, a tunanina bai san yanka nawa ke jikin kifi ba? Wai tun watan farko ya gane, shi ya sa kullum yake zaɓo wanda ya ɗara tsawo.

Na yi dariya har gwiwata ta amsa. Can kuma sai dariyar ta yanke. Na ce, to tunda ka sani, me ya hana ka ce in zauna? Shekara hamsin da ɗaya ina ci a tsaye, ina kallon ƙofa kamar ɓarauniya a gidan uwata. Ya ajiye tsinken sakacen. Ni ma ban taɓa yi wa kaina tambayar ba sai da kika rubuta.

Kin kuskure kifin, 'yar nan, amma ba ki kuskure tsohuwar ba.

Da azahar na jera bakwai ɗin a faranti, na ja kujera na zauna. Hashim ya shigo ya tsaya kamar an dasa shi. Kakanki ya tura mini na tsakiyar ba tare da ya ɗago ba, ya ce wa Hashim in zai ci ga wutsiya nan. Gaskiya a tsaye ya fi daɗi, amma zan saba.

Jiya ya koma shagon shayi da mujallar a hammata. Ya ce in gaya miki ki bar labarin a littafin, sai dai ki ƙara cewa mutumin ya iya zaɓen kifi.

Ki zo Sallah. Ki taho da alƙalami, akwai labarin Janaki da tukunyar madara, ita ma da nata sirrin.

Kakarki mai zaman kujera, Nabisumma