Muryar Isufu a Cikin Kati

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Inna Hawwa, mai waina a gefen shagona, ta kawo mini kart memuwar, ɗan katin ajiya na waya, ƙulle a bakin zane. Na ɗanta Isufu ne, wanda ya faɗo daga gini a In Ekker, can arewa ƙetaren iyaka, bara, ya rasu. Ta ce akwai muryarsa a ciki. "Ni dai in ji muryatai kahin in koma gida." Ƙannenta za su mayar da ita Tasawa ran Talatar mako mai zuwa, idanunta sun yi rauni. Na sa katin a ordinatar, wato kwamfuta. Fishiye, wato fayil, ɗaya ne na murya, kuma ya ƙi buɗuwa. Na kwafe shi gefe, na ce mata aikin kwana biyu ne. Da alfahari na faɗa, Allah na tuba.

Talata, 8 ga Oktoba

Kan fishiyen ne ya lalace, kusan na tabbata. Sai an shiga cikinsa da editar hexa, manhajar da ke baje fishiye lamba-lamba, a gyara farkon da hannu. Ina da wata tsohuwa tun ina Damagaram, amma allonta fari fat, tana sa ni hawaye. Na ga wata da ke jera fishiye biyu kafaɗa da kafaɗa tana nuna bambancinsu da launi. Akwai ta uku da ake cewa ita ke gane irin fishiyen da kanta. Aikin mamaci ai ba a yi masa garaje.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Rezon intanet ya yanke ana tsakiyar saukar da mai launin. Na sake daga farko. Sharifu, mai sayar da shaja, igiyar cajin waya, a gabana, ya leƙo ya ce, "Abdulbaƙi, kai da ka kwafe abin, tsoron mi kake? Buɗe da tsohuwar mana." Na ce masa mai sayar da igiya ba ya koya wa maƙeri ƙira. Ya yi dariya ya tafi. Har yanzu haushinsa nake ji, don ban sami amsar da ta fi wannan ba.

Jumma'a, 11 ga Oktoba

Inna ta aiko waina, ba ta tambayi komai ba. Na ci.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mai launin ta sauka. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Na wuni ina gwada ta a kan waƙoƙin da ke wayata, ina sauya mata launi, ina kwatanta ta da ta ukun. Fishiyen Isufu ban taɓa shi ba. Na ce sai hannuna ya saba tukuna.

Da la'asar Inna ta tsaya a bakin shago, ta ce, "Ɗana, in ya yi wuya ka bar shi, kada ka wahal da kanka." Na ce gobe in sha Allahu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Su Inna sun tafi. Kamiyon, babbar motar da za su bi, ya tashi da hantsi, ba ran Talata ba kamar yadda aka ce. Wurin tandarta sai toka. Sharifu ya ce ta jira ni kaɗan, ina can wajen mai rezo ina neman manhaja ta huɗu. Ta bar saƙo: in riƙe katin, ita ba ta da abin sa shi. Waya ma ba ta da ita.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na buɗe shi da tsohuwar, mai farin allon. Sifiri ne jere a layin farko, inda ya kamata a ga alamar AMR, mai nuna fishiyen murya ne. Na ɗauko wani fishiye mai lafiya, na kwafi farkonsa na zuba. Ko shayin da na ɗora bai tafasa ba.

Ya yi magana. Iska na bugun wayar, ana jin injin kwaɓa siminti a bayansa. Yana tambayarta ko kanwa ake fara sa wa a miyar kuka ko daddawa, don abokan ɗakinsa sun ce tasa kamar ruwan wanki. Sai ya yi dariya, ya ce, "Inna, ki hwaɗa mini gaskiya." Shi ke nan.

Na saurara ni kaɗai. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ba kunnena ya kamata ya ji wannan ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Sharifu ya gaishe ni kamar kullum. Da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban buɗe shago ba. Na ce wa Sharifu kaina ke ciwo. Na zuba muryar a wata ƙaramar waya mai maɓalli, na saita ta yadda dannawa ɗaya za ta yi magana, tunda Inna ba ta gani sosai. Na je inda kamiyoyin kudu ke lodi. Wani direba Ba'agade ya ce iyakarsa Agadas, amma yana da ɗan'uwa mai bin hanyar Tasawa. Ya ce, "Hawwa nawa ne a Tasawa, malam?" Na ce mai waina, wadda ɗanta ya rasu a In Ekker. Ya jujjuya wayar, ya sa a aljihu.

Ban san shi ba, ban kuma tsaya neman wanda ya fi shi ba. Na ba shi.