Kokon Safe da Riƙon Mas'uda

Unguwar Yakite,
Kilomita Biyar, Bangi.

Zuwa ga Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku a Maraɗi. Allah Ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, lungunmu duk ya koma taɓo. Maigidana Malam Alhasan ya yi mura ta kwana uku, amma ya warware ya koma shago. Mas'uda ta yi tsawo har ta kusa kamo kafaɗata, in ta yi dariya sai ki rantse marigayiya Hauwa'u ce ta dawo. Allah Ya jiƙan ƙanwarmu, Ya kai haske kabarinta.

Yaya, saƙonki na murya ya iso, sau uku na saurare shi. Kin ce Zulai, gwaggon Mas'uda, ta kira ki tana kuka wai na kunyata ta gaban yayanta, kin ce in yi haƙuri in je in ba ta baki saboda zumunci. Da na amsa miki a waya da ihu za ki ji, shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Ki ji nawa ɓangaren tukun, tunda ita ta riga ni kai ƙara. Kin san tun ranar da Hauwa'u ta rasu, Mas'uda tana da shekara uku, a hannuna take. Dangin ubanta marigayi Luqman babu wanda ya ce a kawo ta a lokacin, kowa ya sunkuyar da kai. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na sa ta makaranta, ni na koya mata salla. Yau tana shekara goma sha ɗaya, ta iya wanke-wanke ta iya goyo, sai ga Zulai mai jariri ɗan wata bakwai ta tuna cewa ɗa na dangin uba ne.

Ga yadda abin ya faro. Watan jiya Zulai ta roƙe ni in ba ta aron Mas'uda ta taya su aikin bikin ƙanwar mijinta a unguwar Kokoro, daga Asabar zuwa Lahadi. Na ba ta da zuciya ɗaya. Ba ta maido ta ba sai ta riƙe ta har Litinin, ta sa ta wankin tukwanen biki da sassafe, sannan ta kora ta makaranta ko ruwan zafi ba ta kurɓa ba. Yarinyar da ta saba da abu mai ɗumi a ciki kullum, suna tsaye a layi ana ɗaga tuta, ta yanke jiki ta faɗi. Ina kasuwa aka kira ni, wallahi da takalmi ɗaya na hau ɗan acaɓa. Kafin in gama da asibiti, Zulai ta riga ta zaga gidajen suna da na ta'aziyya tana cewa Amariya sammakon kasuwa ya ɗauke mata hankali, marainiya da yunwa take zuwa makaranta. Da wata ta tambaye ta ai a gidanta yarinyar ta kwana, sai ta ce yunwar rana ɗaya ba ta kayar da yaro, wannan tsohuwar yunwa ce da ta taru. Yayansu Alhaji Idrisu, baffan Mas'uda, ya dawo daga Duwala ya tarar da zancen ya cika unguwa. Ya aiko wa Malam Alhasan cewa za a zauna ranar Lahadi bayan la'asar, kuma yana ganin gara yarinyar ta koma hannun gwaggonta.

Yaya, ni za a yi wa gorin karin kumallo? Gaskiya ne ƙarfe bakwai saura kwata nake barin gida, don in ban tari masu kawo tumatir da wuri ba sai in tarar da ruɓaɓɓe. Amma ai Innarmu ba ta haifi rago ba. Duk ranar Lahadi nake tace gasara, in shanya ta ta bushe ƙarau, in dake ta da citta da kanumfari in zuba a bokiti mai murfi. Da safe cokali biyar, ruwan sanyi kaɗan a dama, a sheƙa tafasasshe, kafin Mas'uda ta gama sa safa koko ya yi. Wake ma haka, na surfe shi na shanya na niƙo gari, ranar da nake da sarari in kwaɓa in soya ƙosai ba sai na bi layin inji ba. Ƙwai kuwa tun ina tuwon yamma nake jefa shi a tukunya. Ranar da na makara, burodi ne da man gyaɗa da ayaba a kai, ko ɗumamen tuwo, ko rogon da ya kwana a dafe in yayyafa masa ƙuli. Nan wuta ba ta zama balle a dogara da firji, shi ya sa komai nawa busasshe ne. Shekara takwas ban taɓa barin 'yar Hauwa'u ta ƙetare soro da ciki wayam ba, Allah ne shaidata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ita Zulai ɗin nan ce ta shekara da shekaru tana mini dariya a kan wannan ɗawainiya. Cewa take karin kumallo sangarta ce, wai yana sa yaro gyangyaɗi a aji, wai babu yaron da ya taɓa mutuwa kafin azahar. Ita sai rana ta ɗaga sosai take tashi. Manyan 'ya'yanta biyu, Bilkisu da Hafsat, hanyar makarantarsu ta ƙofar gidanmu take. Wata safiya shekara biyu da suka wuce suka biyo wa Mas'uda, na ga ƙaramar ta kafe kofin koko da ido tana haɗiyar yawu, na zuba musu. Tun daga ranar kullum sai sun zo. Har kofuna na saya musu, shuɗi na Bilkisu, ja na Hafsat. Sun roƙe ni kada in gaya wa uwarsu don za ta dake su, na rufa musu asiri, na rufa mata ita ma. Ko ke ban taɓa gaya miki ba.

Malam Alhasan ya ce in je zaman in faɗi gaskiya kawai. Na ce masa bakina da nata ne, kuma ita ƙanwar mai yanke hukunci ce, gani ya kori ji. Na aika wa Alhaji Idrisu da ladabi cewa tunda maganar abincin safe ce, ya daure ya zo gidanmu ranar Alhamis bayan sallar asuba, ya taho da Zulai, ya ga abin da 'yarsa ke ci da idonsa. Zulai ta ce ai ta san zan yanka kaza in yi baje-koli. Ban yanka ko fara ba. Suka zo gari bai gama wayewa ba, ita tana ta hamma, ta baro 'ya'yanta a gida su shirya kansu kamar kullum. Na shimfiɗa wa maza tabarma a gefen rumfa, ita na ba ta kujera bayan randa, na dama kokona irin na kowace rana, na ɓare ƙwai uku. Alhaji ya lura, ya tambayi na waye sauran biyun, na ce ya ɗan dakata.

Ƙarfe shida da minti ashirin suka shigo da gudu da jakunkunansu. Hafsat tun daga soro take tambaya da Sango, yaren garin nan, ko yau akwai ƙwai, ta wuce kai tsaye wurin kantar kwanuka ta ɗauko jan kofinta, ta miƙo mini, sannan ta waiga ta ga uwarta. Yaya, kofin ya faɗi. Alhaji Idrisu ya kira ta a hankali ya zaunar da ita kusa da shi, ya tambaye ta tun yaushe take karyawa a nan. Ta ce tun tana aji ɗaya, ga ta yanzu a aji uku. Ya tambaye ta me suke ci a gida kafin su fito, ta sunkuya tana kallon yatsun ƙafarta. Bilkisu ce ta ce Mama tana barci lokacin. Ya juya ga Mas'uda ya tambaye ta a ina ta kwana ranar da ta faɗi da kuma abin da ta ci, ta gaya masa. Bai ɗaga murya ba, ya dai dubi ƙanwarsa ya ce in mutum zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere. Ya ce Mas'uda tana nan inda take har ranar da za a kai ta ɗakin miji, ya ba ni haƙuri gaban kowa, ya ce a zuba masa kokon shi ma. Zulai ta fita ko sallama babu, mayafinta na jan taɓo.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, ranar a kasuwa har gyara nake ƙara wa mutane. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, fuskar Hafsat lokacin da ta waiga. Na yi tarko da yarinyar da ta amince da ni, wannan kam na nemi gafarar Allah a kai, kuma na nemi tata. Amma Zulai? Kin ce in je in ba ta baki. Yaya, ina girmama maganarki, ban taɓa tsallake ta ba, amma wannan karon ki gafarce ni. Matar da ta so ta raba ni da abin da Hauwa'u ta damƙa mini tana kan gargara, don kawai ta samu mai goya mata jariri, ta kuma shafa mini baƙin fenti a duk Kilomita Biyar, ba ni da bakin ba ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Har yau ba ta zo ta ce ta yi kuskure ba, kukan da ta yi miki na kunya ne, ba na nadama ba.

Kuma ki ji abin da ta yi bayan haka. Ta hana yaran taka gidana, ta ce su riƙa zagayawa ta titin Kuduku. Kwana biyu ta tashi ta dafa musu shayi, a na uku ta koma barcinta. Mas'uda ce ta zo mini da hawaye ta ce Hafsat tana kwantar da kai a kan benci tun kafin a fita tara. Da farko na ce babu ruwana, uwarsu ta ji da su. Ban kai ga ɗaure ɗankwali ba na ji ba zan iya ba. Yanzu kullum kashi uku nake ɗaurawa a jakar Mas'uda, koko a ƙaramin fulas, ƙwai ko ƙosai a leda, suna haɗuwa a bayan aji su ci. Kada ki ɗauka tausayi ne kaɗai. Ramuwata ke nan, kuma na zauna na yi tunaninta sarai. Zan ciyar da 'ya'yan Zulai har su girma. Ni zan koya musu shanya gasara, ni za su kawo wa kukansu, ni za su fara nuna wa sakamakon jarrabawa. Ranar aurensu, in aka ce ina uwar amarya, ina so ta ga inda idonsu zai fara zuwa. Ta zo ɗaukar mini ɗaya, ni biyu zan ɗauke mata, kuma da rana tsaka, ba wanda zai ce na yi laifi.

In mai zuwa ya samu, ki aiko mini da gero mai kyau da tsamiya, na nan ba ya kai na gida, ga bakuna sun ƙaru. Ki gaishe mini da Malam da kyau, da Imrana da amaryarsa, da Abdulganiyu, ki ce masa ina jiran labarin karatunsa. Ki gai da Gwaggo ta Zariya in kun yi waya, da maƙwabciyarki mai fura da ta yi mini alheri zuwan da na yi. Malam Alhasan yana gaishe ku, Mas'uda ta ce a gaishe da Innarta ta Maraɗi. Bilkisu da Hafsat ma suna gaishe ki. Ba su taɓa ganinki ba, amma na riga na koya musu su ce miki Inna, kuma bakinsu ya kama.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jin maganarki a komai ban da wannan,
Amariya.