Takardar Riba a Gidan Hajiya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Ta iso! Mudassir ɗan kawuna ya kawo mini ita daga Amurka cikin leda mai kauri. Takardar dala ɗari ta 1862, wadda gwamnatin 'yan tawayen kudancin ƙasar ta buga lokacin yaƙin basasarsu, da alkawarin biyan ruwa ga mai riƙe da ita. Ga hatiman biyan nan a bayanta. Masu tara anini da sulai a Katsina, ku zo ku ga ubangidanku.

Talata, 7 ga Mayu

Bakina ya ja mini. Ina cikin cika baki na ambaci kuɗin ruwa a gaban Hajiya, mahaifiyata. Ta aje cokali ta ce, "Riba ke nan. Takardar ga ba ta kwana gidana." Shekaruna hamsin da ɗoriya, amma gida nata ne. Takarda ta kwana a mota, ni kuma na kwana leƙen mota.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan masallaci na kai wa Malam Dabo a Ƙofar Guga, don shi kaɗai Hajiya ke ji wa magana. Ya juya ta, ya tambayi wa ke biyan ruwan yanzu. Na ce gwamnatin ta mutu tun kafin a haifi kakana. Ya yi dariya, ya ce kayan tarihi ne, in riƙe abina. Har gida ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Asabar, 11 ga Mayu

Hajiya ta ce ta ji Malam, amma sai ta gani da idonta.

Talata, 14 ga Mayu

A bakin mota na miƙa mata takardar da gilashin ƙara girma. Na shirya hujjoji cike da baki, ba ta nemi ko ɗaya ba. Hoton tsakiya ta tsaya a kai, baƙaƙen mutane riƙe da fartanya cikin gonar auduga. "Su wa ke nan?" Na ce bayi ne, daga ƙasashenmu aka kwashi kakanninsu. Ni ado na ɗauke su, wallahi, kuma na ji kunya. Ta daɗe tana kallo.

"Dubi ƙugun wanga, ya gaji. To su anka matse aka biya ruwan. Shigo da su, rana ta yi masu yawa cikin mota."

Asabar, 18 ga Mayu

Na yi nasara dai. Alhaji Babaji, abokin hamayyata a tara tsoffin kuɗi, da ke taƙama da fam ɗinsa na zamanin Turawa, ya zo ya gani, ya tafi ko shayinsa bai shanye ba. Daɗi har kunne.

Sai dai takardar a ɗakin Hajiya aka rataye ta, ba nawa ba, kuma ban yi gardama ba. Ɗazu bayan Azahar ina wucewa na ji tana jero mamatanmu cikin addu'a, ta ƙara da "da mutanen gonar audugar can." Amin ɗin da na ce ya fi ƙarfin yadda na yi niyya.