Gyambon Helma

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Matata na gaishe ki, cikin ya shiga wata takwas, ƙafafunta duk sun kumbura.

Da gangan na ƙi ɗaga wayarki. Na san muryarki, in kika fara lallashi sai mutum ya manta abin da ya kawo shi. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Goggo ta ce Helma ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa sun kawo shi gidan hayar da kike, sun yasar da shi a ɗakin ƙarshe na kusa da bayi, sun cika wandonsu da iska. Da na ji haka har rawa na taka a shago. Sai ta ƙara da cewa wai ke kike masa wanka, ke kike kwashe kashinsa. Mama, ki ce mini ƙarya ne.

In kin manta bari in tuna miki. Helman nan shi ne shugaban ma'aikata a injin katako. Shi ya kwance murfin zarto, wai murfin yana rage saurin aiki. Zarton ya tafi da yatsun Baba huɗu na hannun dama. Ni na kai abinci ranar, ina shekara goma sha uku. Helma ya tsince yatsun cikin garin katako, ya zuba a leda, ya miƙo mini ya ce, "Kai wa uwarka ta sa a miya." Da aka zauna bincike ya dafa Littafi Mai Tsarki ya rantse cewa Baba warin giya yake. Aka kori Baba, coci ma ta sauke shi daga muƙamin dattijo. Shekara shida yana zaune bakin ƙofa da dungu cikin aljihu, har baƙin ciki ya kashe shi.

Ina jiran amsa. Ki huta lafiya.

Ɗanki

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ka ce wa matarka ta riƙa ɗora ƙafa kan matashi, ta rage gishiri.

Goggonka gaskiya ta faɗa, karo na farko a rayuwarta, ya kamata a yi mata barka.

Ban manta komai ba. Ni na binne abin da ke cikin ledar nan. Kwana uku ina wucewa bayi ina toshe hanci, ina jin nishinsa, ina cewa a raina Allah ya ƙara. Maƙwabta kowa ya yi kunnen uwar shegu. Ran na huɗu na tura ƙofar. Ba zan rubuta maka abin da na gani ba, ƙudaje dai sun riga ni zuwa gaisuwa.

Ka san shekara ashirin da biyu na yi ina jinyar marasa lafiya a asibiti. Mai shanyewar jiki ba ciwon ke kashe shi ba, kwanciyar ce. In ba a juya shi duk bayan awa biyu ba sai fatar ƙugu da ta diddige ta mutu, gyambo ya buɗe, ya ci nama har ƙashi. Dama, baya, hagu, a cusa matashi tsakanin gwiwoyi, a ja zanen gado ya miƙe sambal, don ko 'yar tattara ɗaya tana iya huda fata. Hannuna ya fara aikin tun zuciyata ba ta ba shi izini ba.

Kada ka ɗauka ciwo ya tausasa shi. Hali zanen dutse. Rabin bakin da ya rage masa da shi yake zagina. Jiya ya tofa mini shayi a fuska, ya kira ni matar mashayi.

In son da ake ji a ƙirji kake tambaya, ba na son sa ko kaɗan. Amma duk Lahadi ina wage baki in ce ina ƙaunar Allah wanda ban taɓa gani ba, ga mutum taku goma daga ƙofata yana ruɓewa. Cewa aka yi mu ƙaunaci maƙwabci. Na duba ko an ce maƙwabcin kirki, ban samu ba. Da na samu da na fi kowa murna.

Ubangiji ya kiyaye ku, ya raba lafiya.

Mamarka

Mama,

Barka da aiki, tunda aikin kika zaɓa. Muna lafiya.

Na gode da darasin asibiti, kin koya mini abin da ban sani ba. Ashe ba sai an sa masa komai a abinci ba. Ki zauna a ɗakinki kawai, ki miƙe ƙafa, ki kunna rediyo. Gadonsa zai yi aikin. Ba ɗan sanda, ba likita, ba fasto da zai ce kin yi wani abu, don ba ki yi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kina mini wa'azin maƙwabci. Ina maƙwabtan suke lokacin da Baba yake koyon cin abinci da hagu yana zubarwa a riga? Ina 'yan cocin da suka daina ba shi hannu? Lokacin kowa ya manta ayar, sai yanzu da ta zo kan Helma ta fito fili.

Ga maganata, kuma ba ta canzawa. Tun da aka yi cikin nan kike cewa ke za ki fara ɗaukar jikanki. To, hannun da ke kwashe kashin wanda ya kashe ubana ba zai taɓa ɗana ba. Ko ki bar shi, ko ki bar mu.

Na bar ki lafiya.

Ɗanki

Ɗana,

Ina gaishe ka da matarka. Na daɗe ban amsa ba, kunya ce ta riƙe ni.

Ran Asabar ina yanke masa farce, sai ya ƙura wa hannunsa ido ya ce, "Nawa dai biyar ne cif." Na ci gaba da yankan farcen. Ya ce, "Mijinki ko warin giya bai sani ba, na fi kowa sani. Da ban faɗi haka ba ni za a kora. Da za a sake, haka zan sake." Ya yi dariya, miyau na zuba ta gefen bakin da ya mutu. Ni na goge masa miyan.

Maganarka ta kwana a kunnena. Ran Lahadi da safe na kwantar da shi rigingine. Na ga zanen ya jiƙe, na ga ya tattare a ƙarƙashin ƙugunsa. Na san abin da nake kallo. Na ja ƙofa, na ɗaura ɗankwali na tafi coci.

Na halarci taron sujada na farko, na zauna na biyu. Na tsaya taron mata, ni da na daɗe ina guje masa saboda surutu. Na raka wata gida har bayan kasuwa. Waƙa kuwa ranar ba wanda ya kai ni ɗaga murya, har matar fasto ta ce Mama yau Ruhu ya sauko miki. Ina waƙa ina ƙirga awoyi, biyu, huɗu, shida. Sai biyar na yamma na dawo. Awa goma.

Da na juya shi, fatar ƙugunsa ta yi baƙi, faɗin bakin kofi. Kafin Laraba ta ɓurme. Yanzu rami ne, babban yatsana zai shige, kuma ya fara wari. In ina wanke shi da ruwan gishiri yana ihu har maƙwabta su rufe taga. Ranar farko da ya gama ihun sai ya kalle ni da idonsa mai kyau ya ce, "Ashe ke ma kin iya."

Ka yi mini addu'a, in har yanzu kana yi.

Mamarka

Mamana,

Sannu, sannu, sannu! Wannan ce takarda ta farko da na karanta har sau uku. Ashe har yanzu jinin Baba yana da mai kishinsa. Ba kunya a ciki, awa goma me ce ce a kan shekara shida?

Yanzu sai ki ƙarasa. Ki haɗa kayanki ki hau mota gobe. Na share miki ɗaki, na sa sabuwar katifa. Ungozoma ta ce bai fi sati biyu ba. Ki rufe masa ƙofa ki taho, gyambon ya san hanya.

Sai kin iso.

Ɗanki

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Na gode da katifa, Allah ya yi maka albarka.

Ba zan rufe masa ƙofa ba. Ka ce ba kunya, to bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa fasto ba. Ranar nan daɗi na ji. Tun mutuwar babanka ban ji daɗi irin na ranar ba, kuma shi ne ya tsorata ni. Helma ya san abin da zarto zai yi ya kwance murfi. Ni ma na san abin da zane zai yi na ja ƙofa. Awa goma kawai na ɗanɗana halinsa, ban ga ya dawo da ko yatsa ɗaya na babanka ba, sai dai mugaye sun zama biyu a gidan.

Gyambon nan ba Shaiɗan ya yi ba, ni na yi. Zai kai wata uku kafin ya cike, in zai cike. Bai gode ba, ba zai gode ba, kuma ba don shi nake yi ba. Ubangijin da nake bi wanke ƙafar wanda zai bashe shi ya yi, yana sane.

Ban zaɓe shi a kanka ba, ɗana. Kai na haifa. Na koya wa wata maƙwabciyata, matar mai gyaran takalmi, juyi da wankin ciwo, ta yarda ta riƙe shi kwana biyu. Ka bar ni in zo kwana biyun nan in an sauka. In ba ka so in ɗauka ba zan ɗauka ba, zan tsaya daga bakin ƙofa in gani. Ban taɓa roƙonka komai ba, yau ina roƙo.

Ubangiji ya raba lafiya.

Mamarka

Mama,

Ina gaisuwa.

An sauka lafiya ran Talata da safe. Mace ce. Uwar matata ce ta fara ɗaukarta.

Kada ki zo, ko bakin ƙofa. Matata ta yi ta kuka wai in saka miki hoto cikin takardar nan. Ban saka ba.

Hancin Baba ne da ita.

Ki huta lafiya.

Ɗanki