Tun Da Na Ɗaga Motata Malam Ya Daina Shigarta

Gwaggo Dijatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure tamau. Na san rigimar aure aka fi kawo miki a wannan fili, ni kuwa maganar taya na kawo. Ki daure ki karanta, abin ya wuce taya.

Ni mutumin Ƙofar Kware ne a nan Sakkwato, sana'ata noman albasa da fataucinta. Ina da mota a-kori-kura, da ita nake kwaso kaya daga fadama. Hanyar gonar kuwa ba a magana, da rani yashi, da damina laka. Bara na je kwaso ajiyata, na kafe da lodi, ruwan farko ya sauko ya same mu a wurin, rabin albasar ta ruɓe. Shi ne bakanikena Mode ya ce maganin abin a cire tayoyin da motar ta zo da su, a sa manya masu haƙora. Na saya. Da aka zo ɗaurawa aka ce wilin asali, wato ƙarfen da ake sa taya a kai, ya yi musu siriri, sai an nemo faffaɗa. Na nemo. Aka ɗaura, na murza sitiyari, sai na ji ƙurrr, taya tana gogar jikin mota. Mode ya ce ai da ma sai an ɗaga motar sama. Tunda an riga an fara, na ce a ɗaga.

Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Yashin da yake kafe ni yanzu ko a jikinta. Ta ƙara shan mai, birki ba ya kamawa da sauri kamar da, tsohuwar safayata, tayar ko-ta-kwana, ma ta zama ba ta da amfani. Duk wannan na ji na gani. Abin da ya hana ni sukuni shi ne mahaifina.

Malam dattijo ne mai ba da karatu a zaure, ni ne kuma ɗansa na fari. Kin san yadda gidajenmu suke. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, in zai ambace ni sai ya ce mai albasa. In na shiga gaishe shi, amsa ɗaya ce, ya mai da kai ga littafinsa. Wuri guda muke haɗuwa: ran Juma'a ni nake kai shi masallaci. Yakan zauna a gaba, ba ya dubana, sai ya zuba wa gilashin mota ido ya yi ta magana kamar da hanya yake yi. Ya ce an ce wane ba shi da lafiya, ya kamata masu zumunci su leƙa. Ya ce mutum ba ya sayar da amfanin gonarsa duka a rana ɗaya. Ni kuwa ina tuƙi ina kwashewa. Ko auren matata Hafsat, a gilashin nan na ji ya amince. Duk abin da na sani na ran mahaifina, a tsakanin gida da masallaci na same shi.

Juma'ar farko bayan gyaran ya shiga lafiya lau. Ya dai ɗan jima a bakin ƙofa yana kama nan yana kama can, sai ƙanena Ladan ya tallafo shi ta baya ya tura, rawaninsa ya bugi saman ƙofa ya warware, ɗalibansa da ke tsaye suka kau da kai. Amma ai ya shiga. A masallaci ma haka aka sauko da shi. Ranar ko uffan bai ce wa gilashi ba, na ɗauka gajiya ce. Da Juma'a ta zagayo na wanke mota na zo, sai aka ce Malam ya riga ya tafi da Ladan a keke napep. Haka ta gaba, haka ta gaba, har yau.

Kowa da abin da yake gaya mini. Hafsat ta ce Malam ba ya son taƙama, motar ta koma irin ta masu nuna isa. Na je na ɓamɓare duk wani ado, har fitilun da na ƙara a sama. Shiru. Mode ya ce gurnanin tayoyin ne a kan kwalta yake hana shi lazimi. Abokina Sodangi ya rantse Ladan ne ya shiga tsakaninmu, har na fara jin haushin yaron, alhali bai yi mini komai ba. Na tambayi Inna, ta dube ni ta ce kai da Allah ya ba idanu biyu, ta ci gaba da tankaɗenta. Mi wanga yake nufi? Shi kuwa Malam ba halin in tambaye shi, ta ina zan fara?

Ga damina ta matso. In na cire tayoyin zan koma gidan jiya a laka, kuma ban ma tabbata su ne laifin ba. In na bar su, ina tsoron in rasa 'yar maganar da nake samu. Wallahi ran Juma'a in na dubi kujerar nan ba kowa, sai in kau da kai. Fushi yake da ni, ko kuwa me? Ki fitar da ni duhu.

Mai Albasa, Ƙofar Kware.

Amsar Gwaggo Dijatu

Mai Albasa ɗana, sannu da wannan ruɗani. Ni ban san wili ba, amma na san gwiwa, don nawa biyun sun fara ba ni labari. Amsarka tana cikin maganarka, ka faɗe ta da bakinka ka wuce. Ka ce ya shiga lafiya lau. Haba ɗana! Dattijon da mutane ke durƙusa wa, an turo shi ta baya kamar buhu, rawani ya warware a gaban ɗalibansa, sannan aka maimaita a ƙofar masallaci, wannan ne lafiya lau? Ba fushi yake da kai ba. Motar ce ta fi ƙarfin gwiwarsa, mutuncinsa kuma ya fi ƙarfin ya faɗa, balle ga ɗan fari. Abin da Inna take nufi ke nan. Ladan kuwa ka saki yaro, godiya ya kamata ka yi masa.

Ba zan ce ka yi laifi da ka sa manyan tayoyi ba. Neman halal kake, kuma albasar nan ita ke ciyar da gidan. Kuskurenka ɗaya ne, ka auna yashi da laka, ba ka auna mai shiga ba.

Na tambayi wani maƙwabcina bakanike. Ya ce mai walda zai iya yi maka matakala mai ƙwari a ƙarƙashin ƙofa, da mariƙi a ciki. A sa a ɓangarorin biyu, kada ta zama abin nuni a ce ta Malam ce. Ya kuma ce in gaya maka maganar birkin nan ba ta wasa ba ce: a duba shi tun kafin ka sake ɗaukar kowa, ka nemi safaya daidai da sauran, ka rage gudu, don babbar taya tana sa agogon gudun mota ya nuna ƙasa da gudun da kake yi.

In akwai dakali a ƙofar gidanku, ka riƙa manna motar a jikinsa, daga kan dakali sai kujera. A masallaci ka tsaya can gefe inda ba idon jama'a, ka buɗe ƙofa, ka kau da kai ka bar shi ya sauko a kan lokacinsa. Kada ka tambaye shi dalili, kada ka ba shi haƙuri, duka biyun tone-tone ne. Ka gaya wa Inna an gyara mota, ita ta san yadda za ta isar.

In ya gwada ya ga har yanzu da wuya, ko ya ƙi gwadawa ma, kada ka matsa. Tayoyin su yi aikinsu a fadama sauran kwanaki. Albasa kowace shekara tana fitowa, Juma'o'in da suka rage maka da Malam kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Ran Juma'a ka ajiye motar a gida, ka sallami Ladan ya huta, ka tare keken da kanka, ka zauna a gefen mahaifinka ka yi shiru. Keke ma yana da gilashi a gaba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a gonarka, ya dawo maka da hirar Juma'arka.