Littafin da Na Buɗe ta Hagu

Barking, Landan
9 ga Maris, 1976

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Kaduna. Yaya ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya, sai sanyi. Ɗanka Zailani ya warke daga mura.

Bayan haka, labarin da zan ba ka ba mai daɗi ba ne. Tun da ma'aikata ta kira ka gida ka bar mu nan don yara su ƙare karatu, nake lura da 'yar nan taka ta fari. Ɗiya mace mai shekara sha shida ba ta da aiki sai zane, irin na mutanen Japan masu idanu kamar fitilar mota. Malamarsu ce ta kai su wani gidan tarihi da aka keɓe wa wani mai zanen labarai ɗan ƙasar Japan, tun daga ranar ba ta dawo daidai ba.

Ranar Lahadi na tarar da littafinta a ƙarƙashin katifa, zane zalla, babu rubutu. Shafin farko ga yarinya rungume da uwarta a bakin ƙofa, kuma ɗankwalina ne a kan uwar, har ɗigo-ɗigonsa. Gaba kaɗan ga ta a titi, hannunta cikin na wani Bature mai hula. Sai ga su a jirgi. Shafin ƙarshe tana zaune a tasha ita kaɗai tana kuka. Ko makaho ya san karatun nan: sallama da uwa, bin namiji, sannan nadama.

Na tsare ta. Ta fara cewa wai ban fahimta ba, na ce ban haifi wadda za ta koya mini fahimta ba, na ƙwace littafin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka aiko da tikiti ta koma wurin Inna, jarrabawa ko ba jarrabawa. Ranar Asabar zan je in ga tushen ɓarnar da idona.

Wassalam. Matarka,
Hadizatu

Barking, Landan
16 ga Maris, 1976

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. A gaishe da Inna da kyau.

Na je wurin, littafin yarinyar a jakata don in nuna wa masu gidan aikinsu. Ɗan gida ne mai ɗaki uku, tsit kamar asibiti. Ga teburin mutumin da alƙalumansa, duk sun cinye saboda aiki. An rubuta cewa shekara arba'in ya yi yana zane kullum. Duk abin da za a ce da shi, ba malalaci ba ne.

A ɗakin ƙarshe an ajiye littattafansa don baƙi. Na ɗauki ɗaya na buɗe ta hagu, yadda aka koya mana a sakandare. Sai wata tsohuwa 'yar Japan mai kula da ɗakin ta matso, ta rusuna, ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi ta mayar mini. Ta ce nasu daga dama ake farawa. Maigida, ni da na sauke Alƙur'ani ina da shekara sha uku, sai da 'yar Japan ta nuna mini dama.

Na zauna a benci, na fito da na 'yarka, na buɗe ta dama. Yarinya tana kuka a tasha. Baturen nan mai hula ya zo, ashe hular ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa ce. Ya sa ta a jirgi, ya riƙo hannunta a titi, ya kawo ta ƙofar uwarta. Ka tuna shekarar da muka zo, da ta ɓace a layin jirgin District tana da shekara sha ɗaya? Ranar ce ta zana.

Abu ɗaya ne ba gaskiya ba a ciki. Ban rungume ta ba. Kana ofis, ba ka gani ba, amma a gaban mutumin na mare ta, na ce me ya hana ta riƙe mayafina. 'Yar fari ce, an rene mu a kan ba a nuna musu so, ko sunansu ba a kama wa. Sai ta zana abin da ba ta samu ba ta ɓoye.

Kada ka aiko da tikitin. Kada kuma ka zaci na sauka daga maganata: lissafi na gaba da zane, kuma na gaya mata. Uwa ba ta ba ɗiya haƙuri, ni ma ban ba ta ba. Jiya dai na tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi daga makaranta. Da ta iso hannuwana suka ƙi ɗaguwa. Sai na miƙa mata littafinta, na ce, "Sannu da zuwa, Zinatu." Ta waiga baya, tana neman wadda nake kira.

Ka sa mu a addu'a.

Wassalam. Matarka,
Hadizatu