Ƙararrawar Keken Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta sa yayanta a ido ba, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu, ya raya mana yaran, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Umma ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana hawa matakala ba mai riƙe ta. Gwaggo ta koma gidanta bayan ta gama yi mana faɗan da ya kawo ta. Maigidana yana fama da shagonsa, ni kuma ina fama da 'yan ajina, waɗanda yanzu ba su da wata hira sai ta fim ɗin Auta.

Fim ɗin ne ya sa na ɗauki biro. Auta ya nuna mini saƙon murnar da ka turo masa, inda ka ce ya fitar da mu kunya, kuma da Baba yana raye da ya yi alfahari da shi. Ban ga laifinka ba, Yaya, kai fosta ka gani, ka ji labarin cinikin da ake yi. Amma saƙon ya tsaya mini a rai, kuma na san idan na kira ka a waya, ko dai in yi kuka ko in yi zagi. Shi ya sa na ga gara in rubuta, ka karanta a natse.

Ka san shekarun da Auta ya kwashe yana rubuta labarin Baba. Labarin mai gyaran rediyo da fanka ne, da ke bin gidaje a kan tsohon kekensa, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ya sha karanta mana a tsakar gida, Umma tana gyara masa, tana cewa a'a, ba haka Babanku yake cire hula ba. Da wani babban kamfani ya sayi labarin, aka ce za a zuba masa kuɗin da ba a taɓa zuba wa fim ba a nan, kowa ya yi murna. Sai suka ce suna son keken Baba na ainihi. Kai shaida ne, tun rasuwarsa Umma ba ta bar kowa ya hau keken nan ba. Yana jingine a baranda, ita ke goge shi, ita ke ɗiga wa sarƙar mai, wani lokaci idan za ta wuce ta ɗan taɓa ƙararrawar. Auta ya durƙusa a gabanta ya yi alkawarin zai dawo da shi yadda ya ɗauka, ko ƙura ba za ta hau shi ba. Ta ba shi, ta raka keken har bakin titi. Bayan an gama ɗaukar fim, duk lokacin da ta tambaya sai ya ce yana ɗakin ajiyar kamfani, sai an yi bikin nunawa za a sake shi.

Ranar nunawar aka aiko mana da mota da rana tsaka. Umma ta sa kayan da ka aiko mata bara, ta fesa turare, tana ta murmushi kamar mai zuwa tarbar matafiyi. Aka zaunar da mu a sahun gaba, sanyin ɗakin har cikin ƙashi. Da aka kashe fitilu, sai ga wani ƙato ya cika allo, ƙirji kamar ƙofar shago, wai shi ne Baba. Yaya, mutumin nan ko riƙon sukudireba bai iya ba, riƙon wuƙa yake yi mata. Ashe gyaran rediyon ma ɓad da kama ne, asalinsa tsohon jami'in asiri ne da ke farautar wasu miyagu. Babanmu, da ko kaza sai an kai wa maƙwabci ya yanka mana, shi ne yake dirowa daga saman bene yana harbi da hannu biyu. Motoci suna tashi sama suna juyawa, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi, kiɗa yana dukan ƙirji. Ba zan yi ƙarya ba, an kashe kuɗi kuma ana ganin inda kuɗin ya tafi, hoto garau, kowane harbi sai ka zabura. Amma tun daga farko har ƙarshe ban ga mutum ɗaya ya zauna ya ci abinci da iyalinsa ba, ban ji an yi maganar da zan iya tunawa washegari ba. Matar da aka ce ita ce Umma kuwa, aikinta kawai ta tsaya a taga tana hawaye da jan baki. Umma ta rankwafo ta tambaye ni a hankali ko har yanzu talla ake yi, yaushe za a fara na Babanku.

Can tsakiyar fim ɗin sai komai ya lafa. Aka nuna wani lungu da yamma, babu kiɗa, babu kowa. Sai muka ji ƙararrawa kafin mu ga keken. Ka tuna muryarta, tun da ta tsage ta koma dishi-dishi kamar mai mura, wadda muke ji tun daga kwana mu ruga mu buɗe ƙofa. Ita ce, Yaya, ba wata ba. Umma ta damƙe hannuna. Ƙaton ya sauka ya jingine keken a jikin wata mota, ya juya yana tafiya a hankali bai waiwayo ba, sai motar ta tashi da wuta. Suka nuna mana keken a kusa, a hankali, sirdin da Baba ya naɗe da roba yana narkewa, taya tana juyawa cikin wuta. Ɗakin ya kaure da tafi da fito. Wani a bayanmu yana cewa wannan wutar ta gaske ce, ba ta kwamfuta ba, a nan ake gane fim mai tsada. Gaskiya ya faɗa. Umma ta gyara mayafinta ta miƙe, na bi ta muka fita muna taka ƙafafun mutane.

Washegari Auta ya zo da bayani, kuma zan faɗa maka shi yadda ya faɗa don kada ka ce na yi masa rashin adalci. Ya ce an ƙera wani keke na bogi don a ƙona, amma da darakta ya duba a kyamara sai ya ce sabon fenti yana ƙyalli, tsatsar gaske ba ta sayuwa, a kawo na ainihin. Ya ce mutane sun fi ɗari a tsaye ana jira, rana tana faɗuwa, shi kuma ƙaramin marubuci ne da ya riga ya sayar da labarinsa, bakinsa ya yi nauyi. Ya ce wuraren da Baba ke zaune yana gyara, yana hira da masu gida, duk an ɗauka, amma da aka gwada wa 'yan kallo sai suka fara latsa waya, aka yanke. Ya ce ba mai zuba irin wannan dukiya a fim ɗin da ba a fasa komai, kuma teloli da direbobi da kafintoci da yawa sun ci abinci a aikin nan. Na yarda sun ci, Allah ya sa musu albarka. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne watannin da ya yi yana kallon idon Umma yana ce mata keke yana ɗakin ajiya, sannan ya zaunar da ita a sahun gaba. Ya taho da sabon keke mai giya, ja wur, har da leda a jikinsa. Umma ta ce a kai wa mai gadin makarantarmu. Tun ranar, idan Auta ya gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ƙara kiransa Autana ba, kuma ba ta ƙara ajiye masa abinci ba.

Abin da ya fi ci mini rai yana gaba. Bayan 'yan kwanaki Umma ta ce in raka ta gidan silima. Na ɗauka ban ji daidai ba. Muka je na rana, muka sayi tikiti kamar kowa, ta daure wa harbe-harben nan kanta a sunkuye, har aka zo lungun. Ta rufe ido ta ji ƙararrawar, sannan ta miƙe kafin ƙaton ya jingine keken, muka fito. Yanzu abin ya zama mana aiki duk mako. Mai sayar da tikiti ya san ta, yana tsokanarta wai Hajiya ta fi samari son faɗa. Rannan na ji furodusan a rediyo yana bugun ƙirji, yana cewa shaidar ingancin fim ita ce ciniki, kuma nasu ya karɓu har tsofaffi suna komawa kallo. Da mahaifiyarmu yake talla, bai ma sani ba. Na gwada ɗaukar sautin da wayata don ta huta da hawa matakalar nan, sai wani ma'aikaci ya haske ni da tocila, ya ce satar fasaha ce, kayan kamfani ne. Ƙararrawar ubana, ni ce ɓarauniya. Na roƙi Auta ya samo mana wannan ɗan guntun, ya ce zai tambayi manya, har yau yana tambaya. An kuma manna sanarwa cewa ƙarshen wata za a sauke fim ɗin a ɗora wani da ya fi shi tsada. Ban gaya wa Umma ba, ban san ta inda zan fara ba.

Yanzu wai za a yi kashi na biyu, tunda na farko ya yi kasuwa. Shekaranjiya na ga Auta a baranda yana kallon akwatin kayan aikin Baba, ni kuwa ban jira ya roƙa ba. Na shawarci Umma ta amince, don haka direban da zai kawo maka takardar nan zai ba ka akwatin. Filayarsa tana ciki, da tabaransa mai ƙafa ɗaya, da guntun dalmar da bai ƙarasa ba. Ka adana shi a wurinka. Sannan ina roƙonka ka kira Auta, kai kaɗai yake jin nauyi. Kada ka zage shi, na riga na yi wannan kuma bai amfana komai ba, yaron ya rame duk da sunan da ya yi. Ka sa shi ya samo wa Umma sautin nan kafin ƙarshen wata, ko da zai ɓata da kamfanin, ya kawo mata da hannunsa, ya ba ta haƙuri ba tare da ya kawo zancen darakta ba. Idan aka sauke fim ɗin bai yi haka ba, ina tsoron abin da ke tsakaninsu ba zai gyaru ba.

Ka gaishe mini da Antina, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan 'yan biyu da takwarar Umma. Maigidana yana gaishe ka, haka Kawu da Gwaggo da yarana duka. Na tambayi Umma ko tana da saƙo, ta ce in rubuta maka haka: "Idan fim ɗin ya zo garinku ka je, ka kasa kunne a wurin lungun, za ka ji Babanku ya dawo gida. Da ka ji, ka tashi ka fita."

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri da juna.

Taka har kullum,
Ƙanwarka